Amsa ga Sista mai gajiyar da ta ƙi tafiya bayan korona

Sista, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce wata biyar ke nan da warkewarki daga korona, amma kasala da haki da mantuwa sun ƙi sakin ki, kina tambaya ko ki daure ki ci gaba da dutin dare. Da yawanmu a nan mun san wannan wahalar. Don Allah kada ki daure.

Tun Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan ciwon da ke daɗewa bayan korona: alamun da suke nan wata 3 bayan kamuwa, sun ɗauki aƙalla wata 2, kuma ba a gano wata cutar da ta jawo su ba. To a fara cire sauran: a auna PCV (yawan jini), maleriya, suga da tayirod, in akwai tari a kai kaki GeneXpert, wato gwajin tarin TB.

Abin da ke ƙona rai shi ne ranar da sakamako ya fito lafiya lau. Sai matiron ta taɓe baki ta ce "kowa ma a gajiye yake", ta jera miki dare uku. Ma'aikaciyar da ta tsaya kan marasa lafiya lokacin da ko takunkumi ba ya isa, yau ita ake kira raguwa a gaban ɗalibai! Wallahi wannan ya fi ciwon ciwo.

In kika yi aikin wahala, jikin ba ya faɗuwa nan take, sai bayan awa 12 zuwa 48, shi ya sa ranar da kika ji ƙarfi ita ke kayar da ke. Ki yi sati biyu kina rubuta aikin da kika yi da yadda kika tashi washegari, har da girki da cunkoson Kawo a Kaduna. Da wannan littafin za ki je wa likita ya rubuta takardar sauƙaƙa aiki. Maganar baki ba ta shiga fayil.

In kina jin jiri, ki kwanta minti 10 a ƙirga bugun zuciya, ki miƙe tsaye minti 10 ana ƙirgawa. In ya ƙaru da 30 ya tsaya a haka, ki nuna wa likita. Kada ki ƙara gishiri da kanki in kina da hawan jini.

Mantuwar nan kuwa ita ce abin tsoro: duk insulin ko allurar yaro, wata ta sake duba miki lissafi. In kuka da rashin barci sun yi yawa, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna yana nan, ba abin kunya ba ne. Ciwon ƙirji ko suma kuma, kada ki jira a tashi duti.