Amsa: Me ya hana tsohon soja ganin ƙwararren likita?

Malam, ka tambaya me ya sa yayanka, tsohon sojan da ke zabura cikin barci yana gumi, ya kasa samun ƙwararre. Allah ya ba shi lafiya.

Yawanci kuɗi ne. Maganin PTSD, wato ciwon firgita da ke bin mutum bayan ya ga mummunan abu kamar yaƙi, ba ƙwaya ce kawai ba, zama ne da ƙwararre sau 8 zuwa 12, wani lokaci fiye, kowanne da kuɗinsa. Ko a Ingila, ƙungiyar Combat Stress, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffin sojoji, ta dakatar da karɓar sababbin marasa lafiya a 2020 saboda kuɗinta sun ja baya.

Abin da ya fi ci mini rai, wurare da dama sai an tabbatar aikin soja ne ya jawo ciwon kafin a biya diyya, alhali wani lokaci alamun kan yi shekaru ba su fito ba. Ku adana takardun aikinsa da na asibiti tun yanzu.