Ƙwaya 8 a furosesa, amma sauri bai ninka 8 ba

Tambaya: Malam, kwamfutata furosesa mai ƙwaya 8 gare ta. Na sa kompaila ya rarraba musu aiki, amma manhajar da na rubuta da ƙyar ta ƙara sauri. An cuce ni ne?

Amsa: Ba wanda ya cuce ka, lissafinka ne ya ci ka. Wannan tambayar ta ishe ni. Gaskiya ne GCC, wato kompaila (manhajar da ke juya abin da ka rubuta zuwa yaren na'ura), na iya raba madauki, wato umarnin da ake ta maimaitawa, tsakanin ƙwayoyi (sassan furosesa da kowanne ke aiki da kansa) idan ka ba shi -ftree-parallelize-loops=8, amma sai ya tabbatar babu zagayen da ke jiran sakamakon wani. Ka rubuta a[i] = b[i] * 2, kowane zagaye gashin kansa yake ci, sai a raba. Ka rubuta a[i] = a[i-1] + b[i], na biyar dole ya jira na huɗu. Ko magina nawa ka tara, ba a ɗora rufi sai bango ya tashi. A yaren C ma abin ya fi haka wuya: muddin kompaila ya kasa gane ko manuni (pointer) biyu wuri ɗaya suke nunawa a RAM, sai ya bar maka madaukinka yadda ya gan shi. Kuma daidai ya yi.

Tun 1967 Gene Amdahl, masanin ƙirar kwamfuta, ya gama wannan magana. Idan kashi 20 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa, ƙwaya 8 ninki 3.3 za su ba ka. Ko dubu ka zuba, ba ka wuce ninki 5.

Ni dai kullum abin da nake faɗa: auna tukuna da manhajar awo ta perf, ka ga inda lokaci ke tafiya, sannan ka sa #pragma omp parallel for na OpenMP, tsarin raba wa ƙwayoyi aiki, da hannunka. Sai dai OpenMP ba ya musu da kai. In ka ce madauki ya rabu alhali ƙwayoyi biyu na rubutu wuri guda, yau amsa daban, gobe daban, kuma ba zai ce maka uffan ba.

Tambaya: Na buga make -j, kwamfutar ta sandare.

Amsa: Ina lambar? make ne ke sa kompaila ya bi fayilolinka, -j kuma ke faɗa masa ayyuka nawa zai yi lokaci guda. Ba ka sa iyaka ba, ya saki ayyuka ba adadi, RAM ya ƙare. Rubuta -j8, kuma ka sa ccache, mai ajiye abin da kompaila ya riga ya yi don kada a maimaita.

Tambaya: Fayiloli na gamawa da sauri, sai matakin ƙarshe ya tsaya yana jan ƙafa.

Amsa: Linka ne, yana haɗa su wuri ɗaya. Koma mold ko lld, linkoki ne masu sauri.