Tambaya da Amsa: Bindigar tokata yau aradu, gobe fus

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni mafarauci ne, bindigar toka gare ni wadda na gada wajen babana, kuma ina fita da ita hawan Sallah cikin 'yan bindiga. Matsalata ita ce wani bugun ta yi ƙara har kafaɗata ta kwana tana ciwo, wani bugun kuma ta yi fus kamar ba a ɗura komai ba, alhali albarushi iri ɗaya nake sa wa. A tafin hannu nake aunawa kamar yadda na ga baba yana yi. Bindigar ce ta tsufa ko ni ne? Daga wani mai karatu a Ningi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya kafin ka zargi bindiga ka fara zargin tafin hannunka. Tafi ba mudu ba ne, yau ka lanƙwasa shi sosai gobe ka buɗe, ran da kake sauri ka zuba da yawa, ran da albarushi ya kusa ƙarewa hannu ya yi rowa ba ka sani ba. Baba ya shekara da shekaru yana yi shi ya sa hannunsa ya zauna, kai kuma bindigar ka gada ba hannun ba.

Abin da za ka yi shi ne ka samu ma'auni guda ɗaya, ɗan bututun tagulla ko guntun ƙaho ko gora, wanda cikarsa daidai da ɗuri ɗaya take. Ka zuba ya cika ka share bakinsa, kar ka bar masa tozo irin na masu awon gero. In kana ɗan bubbuga shi albarushin ya kwanta to kullum ka bubbuga sau ɗaya ko sau biyu, in ba ka yi to kar ka taɓa yi, don bubbugawar nan kaɗai tana ƙara abin da ya shiga. Masu irin wannan harbi a Amurka da Turai haka suke yi, da ma'aunin tagulla mai zane-zane, suna lissafi da wani awo da suke kira giren, giren 7,000 ne laba ɗaya, wato giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Ka ga abin da muke ɗiba da hannu su ƙwaya-ƙwaya suke bi.

Girman ma'aunin fa ba zan ba ka lamba ta jarida ba. Namu bindigogin ƙirar hannu ne, kaurin ƙarfen wannan ba na waccan ba ne, balle wadda ta ga shekaru ta ga tsatsa. Ka kai ta wajen maƙerin da ya san aikin ya duba bututun ya yanka maka ma'aunin da zai ɗauka, a fara daga kaɗan, kuma ma'aunin nan nata ne ita kaɗai, kar ka ara kar ka bayar aro.

Sai maganar "iri ɗaya" da ka ce. Anya? Mai laushi ya fi mai tsakuwa saurin cin wuta da ƙarfi, shi ya sa na kamfani ake rubuta masa Fg, FFg, FFFg har FFFFg, yawan F yawan laushi. Ma'auni ɗaya, gari biyu, bugu biyu daban. Ga damshi kuma, albarushi yana shan sa, wanda ya kwana a buɗe da damina ba zai tashi kamar na rani ba, wani lokaci ma ya yi jinkiri. In ka ja kunama ta yi shiru, ka bar bakinta yana kallon inda ba kowa ka jira aƙalla minti ɗaya, kar ka kuskura ka leƙa.

Sandar ɗurinka ma ma'auni ce. Ka zura ta bindiga ba komai ka yi mata zane daidai baki, ka ɗura yadda ya kamata ka sake zurawa ka yi zane na biyu. Daga nan duk ranar da zane na biyun ya tsaya sama da baki ka san ko ɗuri biyu ne a ciki, ko tsumma da harsashi ba su zauna kan albarushi ba, kuma wannan gibin na tsakani yana kumbura bututu har ya fasa shi. A hayaniyar hawa, ga kalangu ga dawaki, ɗuri kan ɗuri ba wuya.

Biyu kuma ba wasa a cikinsu. Kar ka tuttula daga batta kai tsaye cikin bindiga, in akwai ragowar tartsatsi battar ce za ta tashi a hannunka, daga batta zuwa ma'auni, ka rufe batta, sannan bindiga. Kuma garin da ake farkewa daga harsashin zamani ba albarushi ba ne ko da baƙi ne, ƙarfinsa ya wuce abin da bindigar toka za ta ɗauka, ko haɗa su kar ka yi.

Ran hawa dai albarushi da tsumma kawai, bakin bindiga sama. A gaida mutanen Ningi.