Ku Tambaya: Harajin Intanet, Alat Ɗin Banki da Odar Kaya daga Chana

Salamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk maganar haraji ce kamar kun haɗa baki. Na ɗauki huɗu, sauran ku yi haƙuri, wanda ya tambaya kan firij mai sola sai wani satin in Allah Ya kai mu.

Ta farko daga wata 'yar uwa ce a Zariya:

"Malam barka da ƙoƙari. Ina saida turaren wuta da humra da 'yan atamfofi a WhatsApp da Instagram. Kwanaki na sa talla ta dubu goma sai naga an cire min fiye da haka, kuma a gurup ɗinmu ana ta cewa yanzu duk alat ɗin da ya shigo akawun ɗinka sai gwamnati ta yanki nata. Maigida yace in daina karɓar tiransifa in koma kuɗi hannu kawai. Ya zan yi?"

Hajiya abu biyu kika haɗa, ɗaya gaskiya ne ɗaya kuma labarin gurup ne.

Na tallar gaskiya ne. Tun farkon 2022 Facebook, masu Instagram, suke ɗora harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya da hidima, kashi 7.5 kan tallan da aka saya daga Najeriya, kinga kenan a dubu goma naira 750 ce za ta hau. Shi kansa VAT ɗin da kashi 5 ne, a watan Fabrairun 2020 aka ɗaga shi. Amma in abin da aka cire miki ya haura haka sosai toh ki duba wayar da kika yi amfani da ita, domin in iPhone ce kuma cikin manhajar kika danna, akwai kason Apple na kashi 30 da yake hawa tun 2024, shi ba ma haraji ba ne ladan dillali ne kawai. Ki buɗe burawuza ki shiga shafin ta can ki sa tallarki, kin tsallake wannan. VAT ɗin kam babu yadda za ki yi da shi, ki zuba shi cikin lissafin kaya kamar yadda kike zuba kuɗin kwalba da leda da kuɗin motar kai kaya tasha.

Batun alat kuwa, babu dokar da ta ce a yanki wani kaso daga duk kuɗin da ya shigo miki. Abin da ake cira naira 50 ce a tiransifar da ta kai dubu goma ko sama, kuma wannan ba sabon abu ba ne, bankuna sun jima suna cira, a ƙarshen 2024 ne aka haɗa da su OPay da Moniepoint da PalmPay shi ya sa mutanenmu suka fara jin ta a jiki. Daga Janairun 2026 ma mai turawa ke biya ba mai karɓa ba. Na san masu tura 9,999 don su kauce, ba zan ce komai ba, amma wanda zai raba dubu talatin gida huɗu a bankin da ke cajin kuɗin tiransifa kowane turi, ya ɗan zauna ya yi lissafi tukun.

Sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki Janairun 2026, abin da mutum ya samu take kallo, ba abin da ya bi ta akawun ɗinsa ya wuce ba. Dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu. Kuma in kin sayo atamfa dubu 18 kin sayar dubu 21, dubu uku kika samu ba 21 ba, cikin ukun ma akwai data da kuɗin talla. Matsalar ita ce ranar da aka tambaye ki wa zai shaida dubu 18 ɗin jari ne? Nan ne yawancin matanmu za su sha wahala, saboda akawun ɗaya ne na kasuwa, shi ne na adashi, shi ne na gudummawar bikin ƙawa, shi maigida ke turo cefane, shi ƙanwa ke ajiyar kuɗin makaranta. Ki buɗe wani daban na sana'a zalla, ki sayi littafi na ɗari biyar ki riƙa rubuta na sayo kaza na sayar kaza, risit in an ba ki ki ɗauke shi hoto. Ko ba don gwamnati ba ke kanki za ki gane ko riba kike ko wahala kike.

Shawarar maigida kuwa, a gaishe shi amma ban goyi baya ba. Kwastomarki ta Abuja ko Fatakwal ta ina za ta miƙo miki kuɗi hannu? Sai dai ku koma wajen mai POS, shi kuma abin da zai cira ya ninka hamsin ɗin da ake gudu. Kuma kin tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da muka riƙa sayen naira da naira, masu karɓar tiransifa su suka ci kasuwa a lokacin.

Ta biyu daga wani ɗalibi a Katsina:

"Yaya na tara dubu 190 zan canja waya. Na gan ta a manhajar Chana da sauƙin kusan dubu 25 kan yadda ake saidawa a nan. In yi oda ko kwastam za su kama? Ko in shigo Kano kawai?"

Ƙanina ta fannin kwastam ka samu sa'a. A Satumbar 2025 hukumar ta fito da tsarin cewa ƙaramin kaya da bai wuce dala 300 ba zai shigo babu kuɗin fito, har sau huɗu a shekara, matuƙar ba kayan da aka haramta ba ne. Wayarka tana ƙasa da haka. Don haka duk wanda ya kira ka yace kayanka sun maƙale a Legas ka turo kuɗin kiliyarin a akawun ɗin wani mutum, kashe wayarka. Ni an taɓa min, wata 'yar na'urar gwajin batir na yi oda, kwana tara da biya sai ga kira, murya a natse, ya karanto sunana da unguwarmu daidai har da lambar kayan, yace dubu bakwai zan tura kafin ƙarfe huɗu ko a mayar. Wallahi har na buɗe manhajar banki. Abin da ya cece ni sunan akawun ɗin na mutum ne ba na kamfani ba, na fasa, bayan sati kayan suka iso ban biya ko sisi ba.

Amma duk da haka ni ba zan yi odar waya ba. Dubu 25 ɗin da ka gani a allo ba ita za ta rage a aljihunka ba, bankinka da nasa canjin dala, wani lokacin ga kuɗin kawowa, ga jira na sati biyu zuwa wata. Sannan wayoyi da yawa masu arha a can na kasuwar cikin Chana ne, wata ba ta zuwa da Play Store, wata ba ta kama 4G ɗin layukanmu yadda ya kamata, sai ta iso ka gane. In ta zo da matsala wa za ka kama? A Farm Centre kuwa, kasuwar waya ta Kano, gabanka za a yanka ledar kwali, ka danna *#06# ka ga lambar ta yi daidai da ta jikin kwalin, ka sa layinka ka kira wani, ka jona caja ka ga tana ɗauka, ka ɗauki hoto gaba da baya, a rubuta maka risit da lambar shago. In ta yi gardama cikin kwanakin da kuka yi da shi ka dawo ka zauna masa a benci har sai ya canja. Wannan zaman bencin ya fi dubu 25. Kondon waya, gilashin fuska, abin riƙe waya a mota, irin waɗannan yi odarka. Caja da fawa bank ma ni a hannu nake saye.

Ta uku doguwa ce na taƙaita, daga wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari. Yace shi yana biyan haya, yana biyan na jiha da na ƙaramar hukuma da na shara da na masu gadi, kwantenarsa ba ta fita tasha sai an biya fito, amma yarinya tana kwance a ɗaki tana saida irin kayansa a waya ba ta biyan kowa. "Malam wannan adalci ne? Ba gara a sa musu haraji mu zama ɗaya ba?"

Alhaji Allah Ya ƙara arziki, rabin maganarka na yarda da ita. Amma yarinyar nan ba kishiyarka ba ce, 'yar tallarka ce da ba ka biyan ta albashi. A ina take saro atamfar? Wajenka ko wajen maƙwabcinka, ta ɗau turmi biyar ta sa a sitatus, fiton da ka biya da VAT ɗin duk suna cikin kuɗin da ta ba ka. Ko a tsohuwar doka ma wanda cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba ba a ɗora masa karɓar VAT, sabuwar kuma ta ƙara ɗaga iyakar. In aka ce a bi irinta gida gida, abin da za a kashe wajen bin ya fi abin da za a tara, kuma kai da ni mun san aljihun da zai shiga.

Inda kake da gaskiya shi ne ƙunshin da ke tasowa kai tsaye daga Chana zuwa ƙofar gidan mutum. Na yi wa ɗalibin can murnar dala 300, amma ta ɓangarenka abin dubawa ne, kai ka biya fito shi bai biya ba kuma kaya iri ɗaya. Wannan rigimar ba mu muka fara ta ba. A Amurka shekara da shekaru masu shaguna suna kuka kan masu saida kaya ta intanet ba sa karɓar harajin ciniki, sai a 2018 kotun ƙolinsu ta yanke hukunci a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair cewa jiha na iya tilasta wa kamfani ya karɓa ko da ba shi da shago ko sito a cikinta. Kuma su da ke barin kayan da bai wuce dala 800 ba ya shiga kyauta, a ƙarshen Agustan 2025 suka rufe ƙofar gaba ɗaya, mu kuma bayan 'yan kwanaki muka buɗe tamu. Su masana'antunsu suke cewa suna karewa. Mu namu masaƙun na Kakuri da Sharada da Bompai yawancinsu sun daɗe da yin shiru, kuma Alhaji kar ka ji haushi, kayan da ke cike da Kwarin ma daga ina suke zuwa?

Ra'ayina dai a kama manya. Kamfanin da ke cin kasuwar Najeriya daga waje, talla ce ko fim ko kaya, ya karɓi VAT ya miƙa, su kaɗan ne kuma komai nasu a rubuce yake. Sannan mu 'yan Arewa abin da ya kamata mu sa wa ido shi ne ina kuɗin ke tafiya. Mutum na Gusau ya sayi data, harajin a rubuta shi a Legas don can hedikwatar kamfanin take, wannan na cikin abin da ya tada jijiyar wuya a ƙarshen 2024 har gwamnonin Arewa suka ƙi ƙudirin sabuwar dokar harajin da farko. Yanzu jihohi ke ɗaukar kashi 55 na VAT, ƙananan hukumomi 35, tarayya 10, kuma ana duba inda aka yi amfani da kaya wajen raba wani ɓangare. Toh kason ya ƙaru, sai mu tambayi gwamnoninmu magudanar ruwan kasuwa da wuta. Kafin nan ka ba yaron shagonka waya mai kyamara mai kyau ya buɗe muku WhatsApp na kasuwanci, in da hali ma ka ware wa 'yan matan nan farashin sari, su za su kai kayanka gidajen da kai ba ka isa ka shiga ba.

Ta ƙarshe a gurguje, wani bawan Allah daga Maiduguri yace data ta yi tsada ko harajin ne, kuma ya ga ana saida layi mai rijista a bakin titi da garaɓasar data, ya saya?

Tsadar ba sabon haraji ba ne Malam, hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ce ta amince wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 a Janairun 2025, harajin kashi 5 da aka so sa wa kira da data ma an soke shi. Layin kuwa kar ka kusance shi. An haɗa shi da NIN ɗin wani da ba ka sani ba, ran da aka rufe shi ko ya ɓace ba za ka iya dawo da shi ba, in kuma ka riga ka haɗa shi da bankinka mai NIN ɗin na iya zuwa ya karɓi layin da hujjarsa, lambobin sirrin da banki ke turowa su koma hannunsa. Je ofishinsu da katinka a yi maka da sunanka, garaɓasar sabon layi kai ma za su ba ka.