Jini a bakin kare bai isa hujja ba

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce ka shiga garke da asuba ka tarar tunkiya ta haifi tagwaye, ɗaya yana tsaye yana tsotso, ɗaya yana kwance ba rai, karen gadi kuma, wanda watansa 8 ke nan, yana tsugune kusa da shi bakinsa jina-jina. Kana so ka san ko a rabu da shi tun bai saba da nama ba, ga shi kuma sauran tumakin cikinsu ya tsufa, kana gudun kada a maimaita.

Kada ka rabu da shi tukuna. Duk inda aka haihu akwai jini, akwai ruwan faya, akwai mabiyiya, kuma ba karen da zai ga waɗannan ya kau da kai. Mushen nan ne zai gaya maka gaskiya, in ba ka riga ka binne shi ba. Sa safar hannu ka ɗauko shi, ka fara da kofato. Ɗan da aka haifa yanzu, ƙasan kofatonsa na lulluɓe da wani ɓawo mai taushi. Da ya miƙe ya taka ƙasa sai ɓawon ya goge. In ka same shi yana nan daram, bai taɓa tafiya ba. Sai ka feɗe fatar wuya da ta ƙeya da ta haƙarƙari. Cizon da aka yi wa mai rai yana tara jini a ƙarƙashin fata, baƙi-baƙi kewaye da ramin haƙori, don zuciya tana bugawa a lokacin. Wanda aka tauna bayan ya mutu kuwa, naman wurin fes za ka gan shi. Buɗe ƙirji ka yanki ɗan huhu ka jefa a kofin ruwa. In ya taso, ya shaƙi iska. In ya nutse, bai taɓa numfashi ba, ba ruwan kare da mutuwarsa. Daga ƙarshe ka tsaga cikinsa ka ga ko akwai daskararren nono.

Abin da nake zato za ka gani shi ne huhu ya taso, ba tabon cizo, ciki kuma wayam. Yunwa da sanyi ke nan, kuma su biyun nan, tare da wahalar haihuwa, sun fi kowane naman daji cin jarirai a garke. Sai dai a nan karen yana iya samun kasonsa na laifi, ko da bai sa haƙori ba. Tunkiya da hanci take sanin ɗanta. Lasar da take yi masa da zarar ya faɗo, tana yi tana ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, da ita take busar da shi, take tayar da shi, take kama warinsa. In wani abu ya shiga tsakaninsu a 'yan awannin farko, musamman mai haihuwar fari ko mai tagwaye, sai ta ja ɗaya ta bar ɗaya. Matashin kare kuwa zumuɗi gare shi: ya zo ya lashe jaririn, ya kwanta kusa da shi, wani har ya yi wa uwar gurnani wai shi yana tsaron ɗan. Uwa ta matsa, ɗa bai sha ba, kafin gari ya waye sanyi ya gama da shi.

Saboda haka aikin gabanka ya fi karkata ga tumakin, bari mu fara da su.

Cikin tunkiya kwana 147 ne ko kusa da haka, na akuya wajen 150. In kana rubuta ranar barbara, haihuwa ba za ta zo maka ba shiri ba. In hantsa ta cika ta yi tauri, tunkiya ta ware kanta, tana tonon ƙasa da ƙafa, tana kwanciya tana tashi, to naƙuda ta kusa. Ka tanadi ɗan keɓaɓɓen wuri ga kowacce, wanda bai wuce mita ɗaya da rabi kowane gefe ba, da busasshiyar shimfiɗa, inda iska ba ta bugowa. Bar ta ta haihu, sannan ka ɗauki ɗan ƙasa-ƙasa yadda take ganinsa tana shinshina, kana tafiya da baya tana bin ka har ciki. Kwana ɗaya zuwa uku ya ishe su su san juna.

Ɗa mai zuwa daidai, ƙafafun gaba biyu ne ke fara leƙowa, hanci na kansu. In faya ta fashe, tana ta nishi har rabin awa ko fiye ba abin da ya ƙaru, wanke hannu, sa safa, ka duba. In ka ji kai ba ƙafa, ko wutsiya, kuma ba ka taɓa gyara irinsa ba, kira wanda ya iya ko likitan dabbobi. Ja da ƙarfi yana kashe uwa da ɗa.

Da ya faɗo, share masa majinar hanci da baki, ka ja da baya ka bar wa uwar sauran. In ta lashe shi, ka tsoma cibiyarsa cikin aidin mai ƙarfi, mai kashi 7 cikin ɗari, har gindinta. Ta ɗanyar cibiya ƙwayar cuta ke shiga, bayan mako ɗaya ko biyu ka ga gwiwoyi sun kumbura yana ɗingishi, kana mamakin inda abin ya fito. Sannan ka matsa kowane kan nono sau biyu ko uku. Akwai wani ɗan toshi kamar kakin zuma da ke rufe bakinsa, jariri marar ƙarfi ba ya iya fitar da shi, sai ka gan shi manne da nono ka ɗauka yana sha, alhali iska yake tsotsa.

Dakashi shi ne komai a ranar farko. Ɗan tunkiya da ɗan akuya suna zuwa duniya ba su da garkuwar jiki, don ba ta ratsowa ta mahaifa kamar ta ɗan Adam. A nonon farkon nan mai kauri take. Hanjinsa kuma yana karɓarta ne na ɗan lokaci: awa 6 na farko ƙofa a buɗe take sosai, daga nan tana ta tsukewa, in aka yi awa 24 ta rufe. Ƙa'idar ita ce mililita 50 ga kowane kilo na nauyinsa a shan farko, cikin awa 2 in da hali. Mai kilo 3 ke nan yana son mililita 150, kuma a yinin farko gaba ɗaya wajen 600. Ba ka da ma'auni a cikinsa, amma kana da hannu: ɗaga shi ka taɓa cikin bayan haƙarƙari. Wanda ya ƙoshi cikinsa a cike yake, in ka tashe shi daga barci sai ya yi miƙa. Mai yunwa yana tsaye a takure, baya a gantsare sama, yana ta kuka. Wanda ya yi shiru bayan kukan ya fi ba ni tsoro.

Sa yatsa a bakinsa. Bakin lafiyayye da ɗumi, kuma zai kama yatsan. In da sanyi, ɗauko ma'aunin zafi: 39 zuwa 40 shi ne daidai, ƙasa da 37 kuwa rai na hannun Allah. Goge shi ya bushe, ka ɗumama shi. In yana iya riƙe kansa, tatso dakashin uwar ka ba shi a hankali. In kan yana langaɓewa, kada ka ɗura masa komai, huhu zai tafi. Irin wannan, in ya haura awa 5 da haihuwa, kitsen da ya zo da shi ya ƙare, yana bukatar allurar gulukos kafin ɗumi. Ka sa likita ya nuna maka yadda ake yi tun kafin ranar ta zo. Dakashin da ka ajiye kuma a cikin ruwan ɗumi ake ɗumama shi, in ka ɗora a wuta ka kashe amfaninsa. Wani abu da ake mantawa: rigakafin da aka yi wa uwa wajen wata guda kafin haihuwa, ta dakashi yake isa ga ɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, karen.

Karen gadi daban yake da karen kora. Na kora yana zuba wa tumaki ido, yana laɓaɓawa, yana juya su, kuma kunnensa na wajen ubangidansa. Na gadi ana so ya zauna cikinsu kamar ɗayansu, ya sunkuyar da kai in ya ratsa su, ya kau da ido in tunkiya ta kafe shi da kallo. Irin su Kangal da Akbash na Turkiyya, da Maremma na Italiya, da babban farin karen tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Sifen, an daɗe ana zaɓensu a kan wannan hali. Raymond Coppinger da matarsa Lorna, waɗanda suka yi ta raba irin waɗannan karnuka ga makiyaya a Amurka tun shekarun 1970, abu uku suka ce a duba: amana, wato ba ya cutar da dabba, zama da garke ba yawo, sai tsaro. Ni amana nake sa wa gaba, don tsaro yakan zo da kansa in kare ya girma, amana kuwa sai an raine ta. Shi ya sa ake sa kwikwiyo cikin tumaki tun yana mako 8, ya kwana da su ya tashi da su har wajen mako 16, lokacin da zuciyarsa ke kama abin da zai ɗauka a matsayin danginsa.

Amma girman jiki na yaudarar mutane. Naka mai wata 8 ya kai tunkiya tsayi, hankalinsa kuwa na yaro ne, kuma ba ya nuna sai ya shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A tsakanin nan wasa ke cinsa. Ɗan rago ya yi tsalle, shi ma ya bi. Ya kama kunne, ya ja wutsiya, ya tsige gashi. Wasa ne a wurinsa, amma ɗan kwana uku ba ya jure gudun minti biyar, kuma in wasan ya kai ga jini sau biyu ko uku, ya zama hali. Don haka a kakar haihuwarsa ta farko ba a barinsa shi kaɗai da masu naƙuda. Wannan ne kuskuren da aka yi a garkenka, kuma yana gyaruwa.

Daga yau ka raba su da shinge, shi a waje su a ciki, yadda zai gani ya ji wari amma ba zai kai baki ba. Kada ka mayar da shi ƙofar ɗaki ka ɗaure, in ka yi haka zai koma karen gida, ka yi asarar watannin da aka yi ana saba masa. Haushinsa da fitsarin da yake bi yana yi a gefen shinge ma aiki suke yi, don mafi yawan tsaron kare gargaɗi ne, dila ko karen yawo ya ji ya canza hanya, ba kasafai ake kaiwa ga faɗa ba. Da rana, in kana wurin, sa masa igiya ka shiga da shi. Ya tsaya nesa, ya kwanta, ya bar uwa da ɗanta: yaba masa da murya. Ya miƙe kunne zai bi: tsawa ɗaya mai ƙarfi a daidai lokacin, ka fitar da shi. Horon da ya zo bayan minti goma bai san na mene ne ba, duka kuwa tsoronka kawai zai koya masa. In kana da tsohuwar tunkiya ko akuya mai faɗa, wadda ta sha haihuwa, haɗa shi da ita. Karo ɗaya da za ta kai masa ya fi tsawarka goma. In akwai babban kare natsattse, ya fi kowa iya ladabtar da shi. Sauran lokacin ka bar shi da raguna da tumakin da ba su da ciki, kuma ka zagaya shinge da shi safe da yamma ya rage ƙarfi.

Yaushe ake haƙura da kare? In ka ga taruwar jinin nan a ƙarƙashin fata, ka tsare shi sosai ka ci gaba da horo, don har yanzu yaro ne. In ya haura shekara biyu yana laɓaɓa wa dabba, yana kama wuya, ya yi ya sake, to ba na garke ba ne. In za ka ba wani, ka gaya masa dalili.

Mabiyiya da mushe kuwa, kwashe su za ka riƙa yi ka binne da zurfi ko ka ƙone, kada ka bar masa. Wasu na cewa cin mabiyiya ba ya ɓata kare, kuma na ga manyan karnuka masu amana da ke ci ba abin da ya faru. Ni dai ba na bari, saboda cuta. Cututtukan da ke sa ɓari suna cikin mabiyiya da ruwan haihuwa, kare zai ja su ko'ina, wasunsu kuma suna kama mutum. Mace mai juna biyu ma kada ta kusanci wurin haihuwar tumaki ko ta wanke tsumman da aka yi aiki da shi. Sannan akwai tsutsar ciki mai faɗi da ke zagaye tsakanin kare da tumaki. Kare ya ci ɗanyen kai ko kayan cikin tunkiya, tsutsa ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashinsa ya hau ciyawa, tunkiya ta ci. Wata irin tana yin ƙullin ruwa a ƙwaƙwalwa, ka ga dabba ta karkata kai tana ta zagaye wuri ɗaya. Wata tana yi a hanta da huhu, har na mutum. Ka riƙa ba shi maganin tsutsa mai praziquantel a kan lokacin da likita ya tsara maka, ka yi masa allurar haukan kare, ka duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska. Abincinsa kuma ka ba shi ya ƙoshi, kusa da garke amma a inda tumaki ba sa kaiwa, don kare mai kare kwanonsa yana iya cizon ɗan ragon da ya zo shinshinawa.