Tambayarku Kan Kiwo: Ɗan zakaran yarona ya saki fukafukai

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Ina da kaji guda tara a gida, na Hausa, cikinsu akwai wani ɗan zakara ja wata huɗu da ƙyanƙyasa wanda kakar yarona ta ba shi, yanzu ne ma ya fara gwada cara muryar na fita a shaƙe. To tun shekaranjiya ya daina bin 'yan uwansa sai ya samu lungu ya takure yana gyangyaɗi, fukafukai a sake, kashinsa ruwa-ruwa kore, in dare ya yi kuma kana jin ƙarar numfashinsa kamar mai majina. Na fasa mishi kafso ja da yalo a ruwa da ɗan barkono yadda maƙociyata ta ce amma shiru. Sati ɗaya da ya wuce maigidan ya sayo kaji biyu a kasuwa muka zuba su ciki, ɗayar ta mutu bayan kwana uku mun ɗauka sanyi ne. Maigidan cewa yake a yanka kawai kar a yi asara, yaron kuma sai kuka. Ni dai ina ta ba shi haƙuri ina cewa zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma wallahi hankalina bai kwanta ba. Ko in sayo rigakafi in ɗura mishi?

Daga wata mai karatu, Funtuwa

Amsa:

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, a gaishe da mai zakara. Kafin ki gama karanta wannan amsar ma ki tashi ki ɗauke shi daga cikin sauran, wannan shi ne na farko kuma ya fi duk wani magani da zan ambata. Ki samu kwali ki shimfiɗa tsumma ko busasshiyar ciyawa ki ajiye shi inda iskar hunturu ba ta bugawa, nesa da akurki, da kwanon ruwansa da na abincinsa daban, kuma kullum ki fara sallamar masu lafiya tukun sannan ki zo kansa, in kin gama ki wanke hannu da sabulu. Yaron ma a lallashe shi ya daina rungumarsa kwana biyu.

Gyangyaɗi da sakin fukafuki ba su nuna komai, kusan duk ciwon da ya kama kaza haka take yi, shi ya sa mai kiwo kashi yake fara dubawa da numfashi da kuma abin da ya faru a gidan kafin ciwon. Ke kuma kin riga kin faɗi duka: koren kashi, ƙarar numfashi, lokacin sanyi, baƙin kaji daga kasuwa har ɗaya ta mutu. Ban ga zakaran da idona ba kuma sai an yi gwaji ake tabbatarwa, amma gaskiya wannan ya fi kama da fakat, wato cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, wadda duk shekara daga wajen Nuwamba zuwa Maris take share kajin unguwa. Daga shigarta jikin kaza zuwa fitowar alama yawanci kwana biyar ne zuwa shida, wani lokacin ta kai sati biyu, kin ga lissafin ya yi daidai da zuwan kajin maigida. Da yawan kajin da ake kaiwa kasuwa a wannan lokacin ai masu su ne suka ga mutuwa ta shigo garke suka yi maza suka kai kasuwa kafin ta gama da su, shi ya sa ake samunsu da araha.

Da a ce jini kika gani a kashin ko ya yi ja-ja kamar an dama da manja, musamman da damina inda ƙasan akurki ke jiƙe, da sai in ce kashin jini ne a nemi amprolium a zuba a ruwa kwana biyar zuwa bakwai yadda aka rubuta a jikin ledar. Da fuska ce ta kumbura ido na kumfa hanci na wari, wannan murar kaji ce da ke jin magani irin su tylosin. Gumboro kuma mai farin zawo ta fi kama tsaki 'yan sati uku zuwa shida, naki ya wuce wajen.

Fakat ba ta da magani, ƙwayar bairos ce, ja da yalo kuwa tetracycline ne aikinsa kan bakteriya, ko kati guda kika fasa ba zai taɓa ta ba. Abin da kawai irin waɗannan magungunan ke yi shi ne tare wasu cututtukan da ke samun ƙofa in jiki ya yi rauni, shi ma gara ki je shagon maganin dabbobi a ba ki na kaji mai haɗe da bitamin wanda aka rubuta awonsa, da ki riƙa fasa na mutane da ka. Barkonon nan kuma ki bari, hanjin da ke zawo ba ya buƙatarsa. Na san ana jiƙa gautan kura ana jiƙa sassaƙen maɗaci, iyayenmu sun yi, amma a shekarar da aka yi sa'a ne ake yabon su, shekarar da annobar ta zo da ƙarfi da su da babu duk ɗaya.

To me zai taimake shi? Ruwa da ɗumi. Kaza jikinta zafi ne da shi sosai, wajen digiri 41, in ta daina ci ta daina sha ga zawo ga sanyin asuba, rashin ruwa da sanyin su ne ke ƙarasa ta tun kafin ciwon. Ki samu fiya wata leda biyu, lita ɗaya kenan, ki zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali ki motsa, irin dai haɗin da ake wa yara, kullum ki haɗa sabo. In yana sha da kansa shikenan, in ba ya sha ki tsoma bakinsa a ciki ko ki riƙa ɗiga mishi da sirinji mara allura ta gefen baki kaɗan-kaɗan ki bar shi ya haɗiye da kansa. Kar ki ɗaga kansa sama ki kwarara, ƙofar numfashinsa nan take a bayan harshe, kaji da yawa ɗuren ne ke kashe su a hannun masu su ruwa ya wuce huhu. Abinci kuma mai laushi, jiƙaƙƙiyar dusa ko tsakin gero da aka jiƙa, da ɗan dafaffen ƙwai a murmushe. Da daddare ki zuba ruwan ɗumi a gora ki naɗe da tsumma ki ajiye gefensa ki rufe kwalin ki bar kafar iska, kar dai a kai shi kusa da garwashi a rufaffen ɗaki.

Maganar rigakafi a'a, ba a yi wa marar lafiya, ba ta warkarwa sai ma ƙara mishi nauyi. Sauran da suka kwana akurki ɗaya da shi wataƙila wasu sun riga sun ɗauka, dan haka ki sa ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukumarku ya duba su ya ce ko a yi wa waɗanda ke garau yanzu. Nan gaba kuwa tun Oktoba ake yi kafin sanyi ya sauka, a riƙa maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu. Akwai LaSota akwai kuma I-2 wadda ta fi jure zafi, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos na yin su, ɗigo ɗaya ne a ido ga kowace kaza. Kwalbar ta kaji masu yawa ce kuma da zarar an haɗa ta ba ta daɗewa take tashi aiki, shi ya sa ya fi ku haɗa kuɗi da maƙota a yi wa kajin layin gaba ɗaya rana guda, tunda dama tare suke kiwo a bola ɗaya. A tabbatar daga firji aka ɗauko ta a kawo ta cikin ƙanƙara. Kuma duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta ta yi sati biyu a ware kafin ta shiga cikin naki, a faɗa wa maigida da lalama.

Yanka kuma ni ban ba da shawara ba. Zakaran wata huɗu da ya kwana uku bai ci ba me ma ya rage a jikinsa, ga magani a jininsa wanda sai an ɗau kwanaki bayan dainawa kafin naman ya dace da ci. Abin da ya fi damuna shi ne murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a jihar Kaduna a 2006 kuma har yanzu tana dawowa, alamominta da na fakat kusan ɗaya ne a ido, ita kuma tana kama mutum wajen yanka da fiɗa. In kika wayi gari kaji uku huɗu sun mutu lokaci guda, zanko ya yi baƙi-baƙi, ƙafafu da jajayen tabo, kar wanda ya taɓa da hannu tsirara, a sanar da ofishin dabbobi. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, jefawa bola ko kwata shi ke kai ciwon gidan maƙota.

Zai tashi? Kajin Hausa wasu na tsallakewa, amma da yawa ba sa yi, gara ki fara shirya zuciyar yaron. In ya tashi wuyansa na iya murɗewa ko ya riƙa juyi, ba aljanu ba ne, ciwon ne ya taɓa jijiya, wasu na rayuwa a haka in ana taimaka musu da ci. Ko ya warke ki bar shi a ware kamar wata guda.

Tambaya:

Malam nawa ɗan zakaran ƙuraje ne suka fito mishi baƙaƙe a zanko da gefen ido, yana ci yana sha. An ce in shafa baƙin mai.

Daga wani mai karatu, Maraɗi

Amsa:

Malam kar ka shafa, baƙin mai guba ne kuma zai shiga ido. Ƙurajen kaji ne, sauro ke yaɗa su, in a fata kaɗai suke da kansu suke bushewa su zube cikin sati uku zuwa huɗu. Ka ɗan shafa aidin da auduga a kan na zankon, kar ka ɓamɓare ɓawon, na gefen ido kuma ka goge da ruwan ɗumi kawai. Ka riƙa buɗe bakinsa kana dubawa, in ka ga wani abu rawaya-rawaya ya manne a ciki ko a maƙogwaro to wannan nau'in ne mai toshe numfashi, ka kai shi wajen likitan dabbobi a ranar.