Amsa ga ɗan'uwan da makunnin falonsa ya rikice bayan ya canza shi

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce makunnin falonka mai kai uku, wanda 'yan kasuwa ke kira tiri-gan, ya fashe, ka sayo sabo ka ɗaura da hannunka. Yanzu ƙwan falo yana kamawa lafiya, amma fanka da ƙwan baranda ba sa tashi sai ka kunna na falon, ɗakin yara kuma wutarsa tana zuwa tana ɗaukewa alhali ba ka taɓa makunninsa ba. Ka kuma ce dogayen wayoyi biyar ka tarar a akwatin, dukkansu ja, da guntaye biyu.

Ka kwantar da hankalinka, bisa abin da ka faɗa babu abin da ya ƙone. Na daɗe ina wayarin gidaje, kuma wannan matsalar na fi haɗuwa da ita fiye da kowace. Wayar da ke kawo wuta ce ba ta zauna a gurbinta ba.

Kafin komai, don Allah kada ka buɗe akwatin nan don kawai an ɗauke NEPA. Ba a sallama idan za a dawo da ita, kuma bolt 230 yana kisa. Ka je akwatin rabon wuta ka sauke babban bireka, ka kashe inbata idan kana da ita, ka mayar da canjoba tsakiya, sannan ka gaya wa mutanen gida kada wanda ya taɓa. Testarka ma ka gwada ta a soket mai wuta tun kafin ka kashe, don ka tabbatar tana aiki. Testa matacciya za ta ce maka babu wuta a inda wuta take.

Yanzu ga yadda abin yake. Makunni ba ya buƙatar nitiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Aikinsa ɗaya ne, ya yanke wayar wuta ko ya haɗa ta. Idan ka juya bayan sabon da ka sayo, za ka ga kowane kai yana da ramukansa da rubutu a jiki: COM ko C, sai L1, wani lokaci har da L2. COM ƙofar shigar wuta ce, L1 ƙofar fita zuwa ƙwai ko fanka. Tunda kai uku ne amma wayar wuta ɗaya ce ta shigo, sai a sa ta a COM na farko, a ɗauki guntayen nan biyu a tsallaka da su zuwa COM na biyu da na uku. Shi ne muke ce wa lufin. Wayoyinka biyar ke nan sun bayyana: ɗaya mai kawo wuta, uku na ƙwan falo da fanka da baranda, ta biyar kuma ita ce mai wucewa da wuta zuwa ɗakin yara. Mai wayarin gidan bai ja wa ɗakin layi daga akwatin rabo ba, daga makunnin falo ya ɗiba, kuma haka ake yi a gidaje da yawa.

Abin da nake kyautata zaton ya faru shi ne ka musanya biyu a kai na farko. Mai kawo wutar ta shiga L1, wayar ƙwan falo ta shiga COM tare da lufin. Ƙwan falo ba zai nuna maka komai ba, domin makunni ba ruwansa da ta wane ɓangare wuta ta shigo. Amma lufin ɗin yanzu ba ya samun wuta sai ka danna kan farko, shi ya sa fanka da baranda suka koma jiran falo. Wayar ɗakin yara kuma, da ya kamata ta zauna a COM inda wuta ba ta yankewa, ka sa ta a L1 ko L2 na wani kai, sai ta zama tana bin umarninsa.

Ba sakacinka ba ne kaɗai. Kamfanoni ba sa jera ramukan iri ɗaya. Wani makunnin duk COM ɗinsa a sama suke, wani kuma na tsakiyar a kife yake, COM ɗinsa yana ƙasa. Mutum ya zare waya daga ramin sama na tsoho ya mayar ramin sama na sabo, yana ganin ya kwafa daidai, ashe ya sauka a wani wuri. Rubutun za ka bi, ba matsayin rami ba. Rubutun kan yi ƙanƙanta, a jikin farar roba yake, sai ka haska da fitilar waya ta gefe kafin ya fito sosai.

Launi ma kada ka dogara da shi. A tsohon tsarin Ingila da muka gada, ja ce wuta, baƙa nitiral. Su can sun sauya tsakanin 2004 da 2006 zuwa ruwan ƙasa da shuɗi, mai kore da rawaya kuma ita ce wayar ƙasa, wato ta kariya da ake haɗawa da ƙasa. A nan za ka tarar da duka biyun, wani lokaci a gida ɗaya. Na sha buɗe akwati in ga baƙar waya ɗauke da wuta, domin jar ta ƙare wa mai aikin ya ƙarasa da abin da ke hannunsa.

Ga yadda za ka gano kowace. Bayan ka kashe komai ka gwada, ka zare wayoyin biyar daga makunnin. Ka sayo konekta, irin farar robar nan mai ramuka a jere da ƙananan sukurori, ka ɗaure kowace waya a raminta ita kaɗai, kada tagulla ya leƙo waje. Ka kori yara daga falon, ka mayar da wuta, ka taɓa kan kowane sukuru da testa. Ɗaya ce ya kamata ta haska sosai. Ka lura, testa mai ɗan ƙwai takan yi haske dishi-dishi a wayar da ba ta da wuta, saboda kawai sun kwanta a bututu ɗaya da mai wutar. Idan kana da mita ta awo, ta fi: ka auna tsakanin wayar da nitiral na soket mafi kusa, mai wutar gaske za ta ba ka kusan 230, ko ƙasa kaɗan idan wutar unguwa ta yi rauni. Ka sake kashewa, ka naɗa mata salatif don shaida.

Sauran huɗun sai haƙuri. Wuta a kashe, ka haɗa mai shaidar da ɗaya daga cikinsu a konekta, ka kunna, ka ga me ya tashi, ka kashe, ka rubuta a takarda ka manna mata. Makunnin ɗakin yara ya kasance a kunne, regileta ta fanka ma kada ta kasance a sifili, in ba haka ba za ka ɗauka wayar matacciya ce. Sau huɗu za ka je akwatin rabo ka dawo. Na san da gajiya, amma ni ma haka nake yi a gidan da ban san wayarinsa ba. Idan ka ga wasu baƙaƙen wayoyi a murɗe tare a can ƙuryar akwatin, nitiral ne ke wucewa, ka bar su yadda suke. Haɗa su da makunni haɗa wuta da nitiral kai tsaye ne, bireka zai faɗi nan take.

Akwai wuri ɗaya da nake so ka tsaya cak. Idan wayoyi biyu suka nuna cikakkiyar wuta, kada ka haɗa su, kada ka yi lufin tsakaninsu. A gidajenmu na yanzu akan kawo layin inbata da layin NEPA cikin akwati ɗaya, ƙwai a kan inbata, fanka a kan NEPA. A gidan da ke da layi uku kuma, zai yiwu layuka biyu daban ne, tsakaninsu akwai kusan bolt 400. An taɓa kirana wani gida da magariba inda maigidan ya canza makunni irin naka. Ya ga tsohon ba lufin tsakanin kai na biyu da na uku, ya ɗauka mantuwa ce, ya yanko waya ya cike. Lokacin babu NEPA, komai ya kama, ya ji daɗi. Da aka dawo da ita sai ƙara, inbata ta mutu. Ina shiga falon warin ƙonanniyar roba ya tare ni, na kwance makunnin na tarar ramin COM ya yi baƙi ƙirin, guntuwar wayar ta narke ta manne da sukuru. Allah ya tsare ba wanda ya ji rauni. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, kafin a dawo da wutar, inbatarsa tana tura wuta baya cikin layin da kowa ke zaton a mace yake. Da wani yana aiki a kan layin a lokacin, da labarin ya sha bamban. Idan ka ga haka a naka, ka rufe ka kira ƙwararre.

In kuwa ɗaya ce, to ɗaurawa ba wuya. Mai kawo wuta da ta ɗakin yara su shiga COM, guntayen biyu su haɗa COM ukun, falo da fanka da baranda kowanne ya shiga L1 na kansa, L2 su zauna babu komai. L2 na makunnin hawa bene ne ko dogon lungu, inda ake kunna ƙwai ɗaya daga wuri biyu, kuma ba ka ambaci irinsa ba. Kada ka cusa wayoyi uku a rami ɗaya idan akwai sarari a wani COM ɗin: mai kawo wuta a na farko, ta ɗakin yara a na uku, duk ɗaya ne tunda a haɗe suke.

Wajen ɗaure sukuru nake roƙonka ka natsu, domin gobarar makunni yawanci daga nan take farawa. Wayar fitila siririya ce, mai lamba 1.5. Ka fere robar daidai zurfin ramin, idan ita kaɗai ce a ramin ka lanƙwasa bakin ya zama riɓi biyu, sukurun ya kama tagulla ba roba ba. Ka ɗaure, sannan ka ja kowace da yatsa. Wadda ta motsa za ta riƙa tartsatsi a ɓoye, ta yi zafi, ta cinye robar, wataƙila ma abin da ya kashe tsohon ke nan. Idan bakin wata waya ya yi baƙi, ka datse shi ka fere sabo. Idan fuskar makunnin ko akwatin ƙarfe ne, wayar ƙasa ta kama shi. Lokacin turawa ciki kuma ka duba kada dogayen sukurorin fuska su huda wata waya.

Bayan ka mayar da wuta, idan wani kai yana kunnawa a juye, ka kashe ka mayar da wayarsa daga L1 zuwa L2. Idan bireka ya faɗi, kada ka sake tura shi da ƙarfi, ka bar shi a ƙasa. Ka bar fanka da ƙwayayen a kunne kamar rabin awa, ka ɗora bayan hannunka a fuskar makunnin. In ka ji ɗumi ko ƙarar cizz-cizz, akwai sukurun da bai kama ba.

Ka ɗauko hoton bayan makunnin yadda yake yanzu, kafin ka zare komai, rubutun ramukan ya fito, ka turo in duba. Ka kuma gaya min ko akwai inbata a gidan.